Shekarar da Murhun Ƙarfe Ya Shigo Gidanmu

Na sha jin ku, ku jikokina, kuna tsokanar juna cewa kakarku ta sayar wa kamfani hayaƙinta. Ban taɓa jin haushi ba, ni ma dariya nake yi. Amma tun da wasunku sun fara ɗaukar maganar da gaske, har an kai ta makaranta an faɗa wa malama, gara in faɗa muku yadda abin ya faru tun ina da sauran ƙarfi.

A Gashua aka haife ni, a gidan masunta da ke bakin kogi. Mahaifinmu ya kamo kifi, mahaifiyarmu ta yi bandarsa, haka muka tashi muka gani. Ni da yayata Kaltume a gindin murhun banda muka yi wayo. Ginin laka ne mai kama da gajeriyar rijiya, a shimfiɗa ragar waya a bakinsa, a jera tarwaɗa da karfasa, a hura itace a ƙasa, a rufe da tsohuwar tabarma, sai mutum ya tsaya a cikin hayaƙin yana juya kifi har ya bushe. Da aka kawo ni Nguru gidan kakanku Malam Sale, abin da na fara roƙonsa shi ne ya bar mini kusurwar bayan gida. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, da kanta ta zo ta kwaɓa laka ta gina mini murhu irin nata sak. Da wannan murhun na taimaki Malam muka raini iyayenku. Na Gashua kuma Yaya Kaltume ce ta gaje shi.

Hayaƙi ba ya cin mutum a rana ɗaya. A hankali ya riƙa shigata, har na wayi gari idona na hagu yana ganin mutane kamar ta bayan labule, tari kuma ya zama abokin hirata. Likita ya duba ni ya ce in rabu da hayaƙi. Na ce masa to, na dawo gida na hura wuta, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba in ba banda ba. Itacen ma ya fara yi mana wuya. Masu amalanken shanu da suke kawo mana daga bayan gari sun koma sai sun yi nisa ƙwarai kafin su samo, kuma abin da suke kawowa ɗanye ne, hayaƙinsa ya fi wutarsa yawa.

A shekarar da nake ba ku labari, Umaru, ɗana na uku, ya zo Babbar Sallah. Kun san inda yake aiki, can kudu, a kamfanin da ke narka ƙarfe, wanda kuma yake da tasa tashar wutar lantarki da ke ƙona kwal. Aikinsa shi ne auna hayaƙin da ke fita daga dogayen bututun kamfanin. Malam ya daɗe yana yi masa dariya a kan haka, wai an kai yaro jami'a ya dawo ya gaji uwarsa. Washegarin layya da la'asar muna zaune ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, ana soya nama, sai Umaru ya gyara zama ya ce yana da magana. Ya yi mana bayani cewa hayaƙin manyan masana'antu yana taruwa a sama yana riƙe zafi, shi ya sa damina ta rikice, wata shekarar ruwa ya ƙi zuwa, wata kuma ya zo ya cinye gidaje. Ba sai ya daɗe yana bayani ba, don mun ga ambaliyar Gashua da idonmu, kuma 'yan'uwan Malam na wajen Yusufari sun sha faɗa mana yadda rairayi yake hawa gonakinsu. Ya ce kamfaninsu ya yi alkawari a gaban hukuma da masu zuba jari zai rage hayaƙinsa. Kafin ya gama gyara injinansa, zai ƙera murhunan ƙarfe masu cin itace kaɗan ya raba wa masu banda da masu tuya, abin da aka rage a nan a lissafa masa. Shi Umaru ne ya sa sunan Nguru a ciki. Matsalar ita ce ya zagaya matan unguwarmu, kowacce ta ce sai ta ga wata ta fara.

Malam ya ajiye tsokar da ke hannunsa ya ce, "Wato ku ne masu babban hayaƙi, amma na uwarka za a fara kashewa."

Kowa ya yi dariya, har shi Umarun. Ni dai ban yi ba, don maganar ta tsaya mini. Na ce masa, "Umaru, in na karɓa, naku zai ragu da gaske, ko za ku ɓuya ne a bayan nawa?"

Umaru ya ce, "Inna, ba zan rantse miki ba. Akwai waɗanda suke nufin abin da suka faɗa, akwai waɗanda takarda kawai suke so. Ni abin da na sani shi ne murhun yana da kyau, na gwada shi da hannuna. Kuma ina jin tarinki ta waya."

Da ya yi mini daɗin baki da ban karɓa ba. Wannan amsar ce ta sa na ce a kawo. Sai dai akwai sharaɗi: dole a daina amfani da tsohon murhu. Gidanmu kuma kun san shi, kusurwar nan ɗaya ce, ba inda za a ajiye sabo sai an rushe na da. Na kira Yaya Kaltume a waya na faɗa mata. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce,

"Bintu, hannun Inna ne a jikin lakar nan. Ki rushe shi don gwangwanin kamfani? In kin yi, kada ki sake aiko mini da kifinki."

Ta kashe wayar. Yayata ba ta taɓa yi mini haka ba, ko lokacin da muke yara. Na yi kwanaki ina jujjuya abin a raina. Ranar da a-kori-kura ta sauke sabon murhun a ƙofar gida, Malam ya ɗauko diga ya ce in shiga ɗaki, shi zai yi. Na ce a'a, a gabana za a yi. Da bangon ya buɗe, sai ga shatin yatsun mahaifiyarmu a ciki inda ta shafe lakar, baƙi ƙirin amma a fili. Na zauna a kan turmi na yi kukana. Malam ya jira na gama, sannan ya ci gaba da aiki a hankali kamar yana tsoron ya ji wa lakar ciwo.

Sabon murhun kamar kabad yake, dogo, da ƙofa. A ciki akwai farantan raga hawa-hawa, a ƙasa akwai aljihun da ake zuba wuta, a sama kuma bututu ya wuce katanga. Itacen da a da ba ya isata safiya ɗaya sai ya kai ni kwanaki. Matan unguwa suka yi ta sallama suna leƙe. Wata ta sa masa suna firjin wuta, sunan ya bi shi. Ranar da na fara aiki da shi na jera kifi na rufe ƙofa, sai na rasa abin yi. Na saba tsayuwa ina fifita ina share hawaye. Na zauna a inuwa na tsinci kaina ina tsefe wa jikata kai alhali kifi yana kan wuta, abin ya ba ni dariya ni kaɗai.

Murnar ba ta daɗe ba. Kifin ya fito a bushe, tsaf, ba toka ba ƙonewa, amma fari-fari ne kamar wanda ya tashi daga jinya. Akwai wata 'yar kasuwa daga kudu, Madam Ngozi, wadda ta daɗe tana kwasar bandata a kwali tana lodawa a mota. Hausa a bakinta kamar 'yar gari. Ta ɗaga tarwaɗa ɗaya ta juya ta, ta shinshina, ta ajiye.

"Hajiya, wannan kifin bai ga wuta ba. Ni na san yana da daɗi, amma mutanena da ido suke saye. In ba su ga ja da baƙi ba, za su ce ɗanye ne."

Na roƙe ta ta gwada kwali ɗaya, ta ce ba za ta iya ba, ta wuce gidan maƙwabciyata. Haka sauran masu saye suka yi. Matan da suka ce za su karɓi murhun in sun ga nawa suka janye, wasu har da yi mini jaje. Umaru ya riƙa kira kullum, muryarsa duk ta canza, yana cewa shi ya jawo mini. Kifi kuwa ya taru a gida. Muka ci shi da safe a ɗumame, da rana a dafa-duka, da yamma a miyar kuka. Malam da aka san shi siriri kamar sandar tuƙa jirgi ya fara yin kumatu, abokansa na bakin tafki suka riƙa tambayarsa ko ya samu kujerar siyasa ne. Shi kuwa cewa yake, in dai don shi ne kada Allah ya sa Madam ta dawo. Da irin wannan wasan ya riƙe ni, don ni a raina na fara tunanin na rushe sana'ata da hannuna, na kuma ɓata da 'yar'uwata a banza.

Ana cikin haka, wata ranar kasuwa da hantsi, sai na ji sallama a zaure da muryar da ko a mafarki zan gane. Yaya Kaltume ce, da jakarta a hannu. Ta ce ta zo duba wata ƙawarta ce da ba ta da lafiya, ta biyo ta sha ruwa. Har ta koma ban ji ta sake ambaton ƙawar ba. Ta gaisa da Malam, ta dube shi sama da ƙasa ta ce lallai wani yana cin ribar asarar wani. Sannan ta miƙe ta nufi bayan gida ba tare da ta tambaye ni ba. Ta zagaya murhun, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta buɗe ƙofar ta leƙa, ta ja aljihun wutar ta mayar. Ta ɓanɓari kifi ta tauna a hankali.

"Gishirinki daidai ne," ta ce. "Bushewa ma ya bushu. Hayaƙi ne bai zauna a jikinsa ba, wucewa kawai yake yi kamar baƙon da ba a ba wa tabarma ba."

Na ce, "Yaya, ai don hayaƙin ya wuce aka yi shi."

Ta harare ni. Sai ta ce in aika a samo mata ƙwallon goruba, busassun da yara suke gwaguya su yar. Ta ce a shekarar babban fari, lokacin ina goye, itace ya gagara a Gashua. Mahaifiyarmu takan busar da kifi da ɗan abin da ta samu, in ya kusa sai ta jiƙa ƙwallon goruba ta jefa a kan garwashi, shi yake ba kifin launi da ƙamshi. Da itace ya dawo ta daina, don hayaƙin ya wadata. Ni ban taɓa gani ba, ita kuwa ta gani ba ta manta ba.

Gwajinmu na farko ya ɓaci. Yaya ta cika aljihun da goruba, kifin ya fito baƙi da ɗaci, ko kyanwa ta ƙi shi. Ta ce laifin gwangwanin ne, na ce laifin hannunta ne mai nauyi, muka yi ta musu a tsakar gida kamar yara har Malam ya fito ya ce zai kira mai unguwa. Na biyu kuma ya yi ja a ƙasa, na sama suna nan fari. Nan na kira Umaru, na sa wayar a tsakaninmu. Ya gaishe ta a tsorace, don ya san ta. Ta ce masa ya bar gaisuwa ya faɗi yadda za a tsare hayaƙi a cikin akwatin nan nasa. Ya ce akwai wani ɗan murfi a wuyan bututun, a ja shi rabi in an zuba gorubar, a bar shi kaɗan, sannan a buɗe. Ya ƙara da cewa gorubar kada ta wuce cikin tafi biyu.

"Ka ji yaro," in ji Yaya, "yau ni za a koya wa awon goruba."

Amma yadda ya faɗa haka ta zuba. Da muka buɗe ƙofar, wani ƙamshi ya bugo mu wanda rabona da shi tun gidanmu na Gashua. Tarwaɗar ta yi ja mai duhu tana sheƙi, daga farantin sama har na ƙasa. Yaya ta ɗauki ɗaya ta riƙe da hannu biyu tana kallo. Malam ne ya miƙo hannu, ta buge shi ta ce wannan na kasuwa ne, shi ya ci nasa rabon na shekara.

Ta yi mako guda a gidanmu. Ranar kasuwar da ta zagayo, ita da kanta ta tare Madam Ngozi a ƙofar maƙwabciyata ta jawo ta. Madam ta juya kifin, ta karya shi ta ga cikinsa fari tas, ta tauna, sai ta tambaya kwali nawa ne a ƙasa. Daga baya ta faɗa mini wannan bandar ta fi daɗewa ba ta yi tsutsa ba a hanya. Kafin damina ta faɗi, matan da suka yi mini jaje sun fara aiko yara suna tambayar yaushe Umaru zai zo. Yara kuma suka gano cewa ƙwallon goruba ya yi daraja, suka share shi daga lungunan unguwa kaf.

Ga abin da na samu da abin da ban samu ba, don kada a ƙara gishiri bayan raina. Tarin ya tafi, har na dawo ina iya karatun Alƙur'ani da ƙarfi ba tare da na tsaya ba. Idon hagu bai dawo ba, hayaƙin ya riga ya ci abin da ya ci. Na dama kuwa Allah ya bar mini shi, da shi nake wannan rubutun. Kamfanin bai sayi komai a hannuna ba, murhu ya bayar, kuma wani ma'aikacinsu yakan zo jefi-jefi ya duba ko ana amfani da shi, ya sha fura ya tafi. Alkawarinsu kuma, duk zuwan Umaru sai na tambaye shi, kuma bai taɓa ɓoye mini ba. Ya ce sun kashe ɗaya daga cikin tsofaffin tukwanen narkarsu, sun kafa sabuwa mai aiki da lantarki wadda take narka tsofaffin ƙarafa, sun kuma shimfiɗa farantan hasken rana a wani fili. Ɗayar tana nan tana cin kwal, kuma lokacin da suka ɗiba wa kansu sun ɗaga shi gaba. Ya taɓa cewa zai bar aikin don haushi. Na ce masa in mai awo ya tafi, wa zai faɗa musu gaskiyar abin da ke fita? Ya zauna. Malam kuwa da ya ji ana narka tsofaffin ƙarafa, sai ya ba 'yan gwangwan mataccen kekensa, yana faɗa wa mutane ya shiga harkar masana'antu.

Yaya Kaltume ta koma Gashua ba ta ce uffan a kan murhun ba. Bayan wasu watanni ta aiko a faɗa wa Umaru ya kawo ɗaya, ba don ita ba, don surukarta mai ƙaramin ciki da hayaƙi yake tayar wa zuciya. Da surukar ta haihu muka tafi suna ni da Malam. Motar ta tsaya a Jajimaji ta daɗe, ba mu isa ba sai da rana ta take. Na shiga gidanmu na haihuwa na wuce bayan gida kai tsaye. Murhun mahaifiyarmu yana nan a tsaye, don su suna da fili, amma ba wuta a cikinsa. An shimfiɗa masa ƙaiƙayi, wata kaza ta kwanta a kan ƙwai tana kallona. A gefensa ga na ƙarfe, ga Yaya a kan tabarma, mata sun kewaye ta, har da waɗanda suka zo daga Katuzu a kan babur. Tana riƙe da goruba a tafinta tana nuna musu awo, tana nuna musu murfin bututu, tana faɗa wa wata kada ta cika hannu don kifi zai yi ɗaci. Surukar da aka ce don ita aka kawo ko kusa da shi ba a barinta ta zo.

Da ta hango ni sai ta nuna ni ta ce wa matan, "Ga ƙanwata ta Nguru. Ita ma tana da irinsa, amma sai da na je na nuna mata yadda ake yi."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ta matsa mini a kan tabarma. Ta buɗe murhun ta zaro tarwaɗa mai zafi, ta karya, ta zaɓi wajen da ya fi tsoka ta sa mini a hannu. Matan suka ci gaba da hayaniyarsu. Ita kuwa ta sunkuyo kusa da kunnena, ta rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Idon fa?"

Na ce da sauƙi.

Ta daɗe tana duban fuskata, sannan ta gyaɗa kai ta ce, "To, ci tun da zafinsa."